Yadda Ake Tsara Hanyar Gudu a Dazuka da Tafkunan Karkarar Faransa

Wanda ya saba sassarfa a gefen kwalta ko zagaye filin ƙwallo, idan karatu ko aiki ya kai shi Faransa, ba zai daɗe ba zai ji abokai suna zancen fita daji gudu ranar Asabar ko Lahadi. Ba sai kana da mota ba. Jirgin ƙasa zai sauke ka a bakin daji, ka yi gudunka, ka ratsa ta gaban fadar sarakunan da, ka dawo tasha kafin la'asar. Sai dai dajin ba naka ba ne kai kaɗai. Akwai mafarauta, da masu dawakai, da masu keke, da masu saran itace, kowa da ranarsa da ƙa'idarsa. Shi ya sa rabin aikin a ɗaki ake yin sa, a kan taswira, tun kafin a ɗaure igiyar takalmi. Zan yi misali da dajin Fontainebleau, mai nisan kilomita kusan 60 kudu maso gabas da Paris, domin duk abin da ka koya a can zai yi maka aiki a sauran dazukan ƙasar.

Kayan da za ka tanada

Takalmin gudu mai haƙora a tafinsa. Shagunan Decathlon suna da masu sauƙin kuɗi. Idan babu hali, kambas ɗinka na kwalta zai wadatar a kan faffaɗan hanyoyin daji ranar da ƙasa take bushe, amma kada ka hau duwatsu da shi bayan ruwan sama.

Doguwar safa da dogon wando mara nauyi, saboda kaska. Riga mai launin da ake hangowa daga nesa, ruwan lemo ko ruwan ɗorawa mai ƙyalli. Ka guji rigar auduga lokacin sanyi: tana shan gumi ta riƙe, da ka tsaya minti biyar sai ka fara rawar ɗari. A ƙara da 'yar rigar ruwa wadda ake naɗewa a cusa a jaka.

Ruwan sha aƙalla lita ɗaya, da dabino ko gyaɗa.

Waya cike da caji, wadda ka riga ka sauke taswirar wurin a cikinta yadda za ta buɗe ko babu intanet. In da hali ka haɗa da ta takarda, wadda hukumar taswira ta ƙasa, IGN, take bugawa. Ta Fontainebleau lambarta 2417 OT, kuma santimita 4 a kanta kilomita ɗaya ne a ƙasa. Wanda bai samu ba ya ɗauki hoton babban allon taswira da ake kafawa a mashigar daji ko wurin ajiye motoci.

Usur, da ɗan ƙugiyar roba ta cire kaska, wadda kowane kantin magani yake sayarwa idan ka ce tire-tique. Katin shaida ko katin zama, tikitin jirgi, da 'yan kuɗi a aljihu mai zif. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu sai a ƙara tocilar goshi.

1. Zaɓi wuri daga tashar jirgi

Kuskuren sabon shiga shi ne ya ga hoton tafki mai kyau a intanet ya ƙudura zuwa, sai daga baya ya gane tashar da ta fi kusa tana da nisan kilomita 20, motar haya kuma ba ta aiki ranar Lahadi. Fara da tasha, sannan ka duba abin da ke kewaye da ita.

Daga Gare de Lyon a Paris, layin R yana kai mutum Fontainebleau-Avon cikin minti kusan 40, kuma daji yana nan bayan tashar. Daga Montparnasse layin N yana zuwa Rambouillet, inda a dajinta ake samun jerin tafkunan Hollande, waɗanda aka haƙa zamanin Sarki Louis na 14 don tara ruwan da ake turawa lambunan fadar Versailles. Hanyoyin can shimfiɗe suke, sun dace da wanda gwiwarsa ba ta son hawa da sauka. Layin RER B kuwa yana ƙarewa a Saint-Rémy-lès-Chevreuse, daga nan ana hawa zuwa ganuwar Madeleine da ke kan tudu bisa garin Chevreuse, masu dogon numfashi kuma su miƙa har tsohon gidan ibada na Vaux-de-Cernay, wanda aka kafa a 1118, da tafkinsa. Duk wuraren nan uku katin Navigo na wata, wato katin shiga jirgi da bas na yankin Paris, yana kai ka.

Mai son babban ruwa sai ya yi nisa. Zagayen tafkin Annecy, a gindin tsaunukan Alps, ya kai kilomita kusan 40, ba aikin farko ba ne. Amma a gaɓar yamma akwai hanyar keke da ƙafa da aka shimfiɗa kan tsohon layin dogo, sai ka yi iya ƙarfinka ka juyo. Tafkin Settons a yankin Morvan, wanda aka datse a tsakiyar ƙarni na 19 don a riƙa kora gumagumai ta ruwa zuwa Paris, zagayensa bai kai rabin na Annecy ba, sai dai zuwa can yana son mota.

2. Duba ranar farauta da yanayin sama

Wannan matakin ba a tsallake shi. Daga tsakiyar Satumba zuwa ƙarshen Fabrairu ana farauta da bindiga a karkarar Faransa, farautar barewa da ake yi a kan dawakai tare da karnuka kuma takan kai ƙarshen Maris. Dazukan gwamnati irin Fontainebleau da Rambouillet suna hannun hukumar gandun daji, ONF, kuma tana wallafa jadawalin ranaku da sassan da za a yi farauta a shafinta. Duba shi daren da za ka kwana ka tashi ka fita. A dazukan ƙauye da na masu zaman kansu, ofishin magajin gari ne wurin tambaya, kuma can Lahadi ita ce babbar ranar mafarauta.

Idan ka tarar da allo a bakin hanya an rubuta chasse en cours, ma'anarsa ana cikin farauta. Kada ka ce bari in ratsa da sauri. Juya, ko ka je wurin mafaraucin da ke tsaye da riga ruwan lemo, ka gaishe shi, ka tambaye shi ta ina za ka bi. Yawanci za su nuna maka, domin su ma ba sa son wani ya faɗo musu tsakiyar layi. Harsashin da ake harbin aladen daji da shi yana tafiya nesa ƙwarai, itatuwa kuma suna ɓoye mutum.

Sai yanayi. Hukumar Météo-France tana sa wa kowace jiha launi: kore, ɗorawa, ruwan lemo, ja. Idan an sa ruwan lemo saboda iska ko tsawa, ka haƙura da daji ranar, don rassa suna karyewa su faɗo ko bayan iskar ta lafa. Ka kuma duba faɗuwar rana. A Disamba kafin ƙarfe 5 na yamma ta faɗi a yankin Paris, a Yuni kuwa sai wajen ƙarfe 10 na dare, kuma ƙarƙashin itatuwa duhu yana riga fili shigowa. Wannan ya shafi lokutan salla ma: da hunturu azahar da la'asar da magariba kusa suke da juna, saboda haka fitar safe ta fi.

3. Zana hanya, ka yi lissafin lokaci da gaskiya

Kilomita a daji daban take da kilomita a kwalta. Masu gudun tsauni a Faransa suna da lissafi mai sauƙi: kowace mita 100 ta hawa a ɗauke ta a matsayin ƙarin kilomita ɗaya. Ɗauki shahararriyar hanyar nan ta tuddai 25, wadda suke kira 25 bosses, a sashen Trois Pignons kusa da ƙauyen Noisy-sur-École. Tsawonta kilomita kusan 16 ne, hawanta mita kusan 800, ka ga a jiki ta zama 24 ke nan, ban da wuraren da sai ka sa hannu ka kama dutse. Mutane da yawa suna jin "kilomita 16" su ce ai awa ɗaya da rabi ne, su fita da 'yar gorar ruwa, sai yamma ta riske su a tudu na goma sha wani abu. A ganina bai kamata baƙo ya fara da ita ba, duk da kowa ita zai fara ambata maka.

Fitar farko ta zama zagaye na kilomita 8 zuwa 10 wanda ya tashi daga tasha ya dawo tasha. A kan taswira, layukan ruwan ƙasa da suka matsu da juna alamar gangare ne mai tsini. Nemi wuri biyu da za ka iya yanke hanya ka koma idan jiki ya ƙi. Rubuta lokacin jirgi biyu na dawowa, sannan ka aika wa wani sunan hanyar da lokacin da ya kamata ya ji daga gare ka. 'Yar'uwa mai son fita, da ma duk wanda bai san wurin ba, ya fi kyau a tafi mutum biyu ko uku. Kusan kowane gari yana da ƙungiyar masu gudu da ke fita safiyar Lahadi.

4. Koyi karanta fentin da ke jikin itace da dutse

Nan ne sirrin gudu a karkarar Faransa. Hanyoyin ƙafa suna da alamun fenti, kuma tsarin kusan ɗaya ne daga wannan iyakar ƙasa zuwa waccan. Farin layi bisa jan layi alamar doguwar hanya ce, GR, mai ratsa jihohi. Idan ka bi ta ba tunani za ta kai ka wani gari, ba za ta dawo da kai tasha ba. Ɗorawa bisa ja hanya ce mai zagaya yanki guda cikin 'yan kwanaki. Layin ɗorawa shi kaɗai gajeren zagaye ne na wuni ɗaya ko ƙasa da haka, shi ne abokinka. Idan alamar ta lanƙwashe kamar kusurwa, za a karya kwana ta wannan ɓangaren. Idan layuka biyu suka gitta juna kamar alamar sau, ba nan ba ce hanya, koma.

Fontainebleau tana da nata ƙarin. Wani tsohon sojan Napoleon mai suna Claude-François Denecourt ya fara shata hanyoyin yawo a dajin tun 1842, yana sa musu shuɗin fenti, bayan rasuwarsa a 1875 Charles Colinet ya ɗora. Har yau shuɗin yana nan, kuma hanyoyinsa su ne mafiya daɗi: suna kurɗawa tsakanin duwatsu, su bi ta ƙarƙashin wani, su hau matakalar da aka sassaƙa, su fito da kai wurin hange. Hanyar tuddai 25 ita kuma jan fenti ne.

Ƙa'idar da nake bi: idan na yi minti biyu ina gudu ban ga fenti ba, sai in tsaya in koma alamar ƙarshe da na gani. Mai gudu idonsa yana ƙasa yana kallon saiwa da dutse, shi ya sa ya fi mai tafiya saurin wuce kwana. A kowace mararraba ɗaga kai, ka duba itatuwan dama da hagu kafin ka zaɓa.

Kada kuma faffaɗan hanyoyin nan miƙaƙƙu su ruɗe ka. An yanka su ne don farautar sarakuna, suna haɗuwa shida ko takwas a mararraba ɗaya, kuma duk kamarsu ɗaya. Abin da zai cece ka shi ne kusan kowace mararraba da kowace hanya suna da suna a ɗan allo da aka buga a jikin itace, kuma an raba dajin gida-gida, kowane da lambarsa. Sunayen da lambobin duk suna kan taswirar IGN.

5. Gudun kansa

Ga zagayen da nake ba sabon zuwa. Ka fito daga tashar Fontainebleau-Avon, ka shiga daji ta arewa, ka hau zuwa hasumiyar Denecourt, wadda ya gina a 1851. Hawan ba shi da tsawo amma yana zuwa tun jiki bai yi ɗumi ba, saboda haka taka shi da ƙafa, babu abin kunya. Hau matakalar hasumiyar ka ga yadda dajin ya shimfiɗu iya ganinka. Daga nan bi shuɗin fenti zuwa Croix du Calvaire, inda ake hango rufin gidajen garin, sannan ka gangara cikin gari ka nufi fadar Fontainebleau, ta sarakunan da.

Ƙasar dajin iri biyu ce, kowace da yadda ake taka ta. Akwai farin rairayi mai laushi, wanda gudu a cikinsa kamar gudu ne a busasshen gulbi da rani: taƙaita taku, ka bi gefe inda ganye da saiwoyi suka riƙe ƙasa, kada ka yi kokawa da shi. Akwai kuma dutsen da rairayin ya daskare ya zama. A bushe yana kama takalmi sosai, amma da ya jiƙe, musamman inda gansakuka ta rufe shi, santsinsa ba a magana. Rairayin da ya manne a tafin takalmi shi ma yana sa zamewa, don haka buga ƙafa kafin ka taka dutse mai gangare. Yawancin targaɗe a saukowa ake samunsa, lokacin da mutum ya ji daɗi ya saki jiki.

Da ka iso fada, rage gudu ka koma tafiya. Shiga farfajiya da lambuna kyauta ne, cikin ginin ne ake biya, kuma ana rufe shi ranar Talata. Babbar farfajiyar mai matakala kamar kofaton doki ita ce inda Napoleon ya yi bankwana da dakarunsa ranar 20 ga Afrilu, 1814, kafin a tafi da shi tsibirin Elba. Sarki François na 1 ne ya fara sabunta ginin daga 1528, UNESCO kuma ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 1981. Zagaya baya ka ga tafkin kifaye da ɗan ɗakin da ke tsakiyar ruwa; kifayen manya ne, sun saba da mutane, da ka tsaya a bakin dutse za su taso suna buɗe baki. Wuce babban lambu, sai ga doguwar hanyar ruwa da aka haƙa zamanin Sarki Henri na 4, tsawonta mita 1,200, miƙe sak tsakanin layukan itatuwa. Nan za ka sake sakin ƙafa, kuma wuri ne mai kyau na gwada sauri tunda ka san tsawonsa. Ƙarshenta yana ɓangaren Avon, daga nan tasha ba nisa.

A hanya, duk wanda kuka haɗu ka ce masa bonjour. A cikin Paris ba a yi, amma a daji rashin yi ne abin mamaki. Idan ka riski mai doki ta baya, rage gudu ka yi magana tun daga nesa don kada dokin ya firgita. Inda ka ga propriété privée, gonar wani ce ko dajinsa. Wasu sassan Fontainebleau an keɓe su an bar su yadda Allah ya yi su, ba a sara ba a shara, an kuma hana shiga. Allunan suna nan a gefensu. Kunna wuta da shan taba haramun ne a dokar dajin, domin busassun ganyen itatuwa suna kama wuta da wuri. Idan hanya ta fito da kai kan kwalta a wajen gari, bi gefen hagu kana fuskantar motoci masu zuwa. A yankunan kiwo irin Morvan, siririyar wayar da ke kewaye da shanu tana da lantarki, kuma duk ƙyauren da ka buɗe ka rufe shi.

6. Ruwa da abin taɓawa

Cikin daji da wuya ka samu famfo ko mai shago. Idan ruwanka ya ƙare, nufi ƙauye mafi kusa ka nemi maƙabarta: galibi akwai famfo kusa da ƙofa wanda ake ban ruwan furanni da shi, masu keke sun daɗe da sanin wannan. Duba dai kada a ce an rubuta eau non potable, wato ba na sha ba ne. Ruwan tafki kada ka kusance shi da baki. Shagunan ƙauye da yawa suna rufewa da tsakar rana, da yammacin Lahadi, wasu har Litinin. A gidan burodi, mai kiyaye naman alade ya lura da jambon da lardons a cikin abin da aka haɗa. Burodi zalla da cuku ba su da matsala. Da azumi kuwa, in ya faɗo a dogayen ranaku, gajeren gudu kusa da gida dab da shan ruwa ya fi shiga daji.

7. Idan ka ɓata ko ka ji rauni

Tsaya. Kada ka yanki daji kai-tsaye kana cewa ai tasha tana can. Bi faffaɗar hanya har mararraba ta gaba, karanta sunanta, nemo shi a taswira. Idan rauni ne, kira lambar gaggawa 112, ka faɗa musu sunan mararraba ko lambar gidan dajin da ke jikin itace mafi kusa. Wannan ya fi "ina cikin dajin Fontainebleau" amfani nesa ba kusa ba, don dajin ya haura hekta 20,000. Inda waya ba ta kamawa, hau tudu ko ka busa usur. Aladen daji yawanci shi ke gudunka, sai dai uwa mai 'ya'ya a ba ta hanya. Akwai maciji mai dafi da ke shan hantsi kan duwatsu lokacin zafi, saboda haka duba kafin ka ɗora hannu. Tsutsotsi masu gashi da ke tafiya a jere kuwa kada ka taɓa su, gashinsu yana sa ƙaiƙayi mai tsanani da kumburin ido.

8. Bayan ka dawo gida

Kafin wanka, tuɓe ka duba jikinka a wuri mai haske: bayan gwiwa, matsematsi, hammata, cibiya, bayan kunne, da cikin gashi. Kaskar can ƙanana ce, wata ba ta wuce ƙwayar riɗi ba, cizonta kuma ba ya zafi, ga shi a fata mai duhu ba ta saurin bayyana, don haka shafa da hannu ma, kada ka dogara da ido kaɗai. Ta fi yawa daga Afrilu zuwa Oktoba, a cikin dogayen ciyayi.

Idan ka same ta, kada ka shafa mata mai ko turare, kada ka ƙona ta da ashana, kada ka matse cikinta. Zura ƙugiyar a ƙarƙashinta dab da fata, ka murza a hankali har ta saki, sannan ka goge wurin da maganin kashe ƙwayoyin cuta. In babu ƙugiya, hantsaki mai siririn baki zai yi, a kama ta ta kai a ja a miƙe. Rubuta ranar, ka riƙa duba wurin har wata guda. Idan ka ga tabo yana faɗaɗa kamar zobe, ja ne ko ya fi fatarka duhu, ko zazzaɓi da ciwon gaɓoɓi suka taso, je wurin likita ka gaya masa kaska ta cije ka a daji ranar kaza. Cutar Lyme ce ake gudu, kuma idan an kama ta da wuri maganin 'yan makonni yake kawar da ita.